Ranar da Gara Ta Cinye Littafin Gonaki

A can da, wani dagaci yana da ɗan aike. In ya dubi takarda, sai baƙaƙe su yi ta rawa a idonsa. Kullum magatakarda yana ce masa, "Daƙiƙi, miƙo littafi!" Don kunya, duk abin da aka karanta sai ɗan aike ya haddace shi.

Wata damina gara ta cinye littafin gonaki. Wani wa da ƙanensa suka zaro adda a kan iyakar gonarsu, magatakarda ya yi tsuru-tsuru.

Ɗan aike ya ce, "Ranka ya daɗe, iyakarsu tsamiya ce, an binne dutse a gindinta."

Aka tona, sai ga dutse.

Dagaci ya ce, "Madalla! Yaya ma sunanka?"

Shekara ashirin ke nan ba wanda ya tambaye shi.