Riɗin Nazifi

Ranar Laraba ce, kaka ta shigo, gari ya waye da raɓa, sama kuma tas babu hadari. Malama Hasiya ta sauko da 'yan aji huɗu daga motar da ta kwaso su daga Kwanar Dangora, don su ga tsirrai da ƙwari ido da ido. Cikin gonakin ƙauyen Yako kaf, ta Nazifi ta zaɓa.

Nazifi ne saurayinta. Ya bar makaranta, ya bar acaɓa, ya bar ɗinki. Shi ya sa Baffanta ya ce ba zai ba shi ita ba sai ya riƙe abu ɗaya daga shuka har girbi. Ga shi ya riƙe. Damman riɗi na jere, an jingine su a tsaye suna bushewa.

"Hasiyata, tsare min rundunarki, in samo musu rake," in ji shi, ya nufi fadama.

Ita Hasiya a cikin gari ta tashi, ba ta taɓa girbi ba. So kawai take yara su ga aikin masoyinta.

"Kowa ya ɗauko dami ɗaya, mu duba 'ya'yansa!" ta ce wa yara.

Malam Sadiq, abokin aikinta da ya daɗe yana nemanta, ɗan manomi ne. Ya san busasshen riɗi bakinsa a buɗe yake, ba a taɓa shi sai an shimfiɗa leda. Amma bai hana su ba.

Yara suka kinkimo, suna juyawa suna dariya. Riɗi ya dinga zuba cikin ƙasa, shaaa...

Nazifi ya dawo, raken ya suɓuce daga hannunsa.

"Ni ce..." in ji Hasiya. "Wallahi ban sani ba, Nazifi."

Malam Sadiq ya koma gefe da waya. Ta ji yana cewa, "Baffa, zo ka ga noman ɗan naku."

Nazifi ya kalli hanya. Ta san wannan kallon, shi yake yi duk lokacin da zai bar abu. Sai ya ga wata 'yar ƙarama, Bushra, tana kuka rungume da daminta. Ya durƙusa.

"Share hawayenki, 'yar Malama. Yau za ku koyi yadda ake raba riɗi da ƙasa." Ya ɗago. "Ke kuma sarauniyar ɓarna, ara min mayafinki."

Ta yi dariya cikin kuka, ta miƙa masa, ta gyara ɗankwalinta.

A haka Baffa ya same su: yara na tattarowa da tafin hannu, Nazifi na sheƙewa a kan mayafi, ƙasa har gira.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Ni ne, Baffa. Na bar gona babu mai tsaro."

"Ni ce, Baffa," Hasiya ta ce, kanta a ƙasa.

Baffa ya dube su, ya dubi Malam Sadiq da rigarsa fes, babu ko ƙura.

"Na zaci zan tarar ka kai Kano," ya ce wa Nazifi. Ya tayar da babur. "Ka turo magabatanka ranar Juma'a."

Da la'asar aka auna. Riɗi kwano tara ya tafi a ƙasa, da takalmin Bushra ƙafa ɗaya, da mayafin Hasiya, wanda bai sake wankuwa ba.