Lallen Inna

A unguwar Hausawa ta Inugu, saura shekara guda a sami 'yancin kai, akwai wata yarinya 'yar aji uku. Tana zaune da babanta da kakarta, Iya Baiwa. Innarta ta rasu da damina.

Inna ba ta bar kaya da yawa ba. Amma ta bar ɗan lambu a bayan ɗaki, mai yakuwa da barkono da bishiyar lalle guda ɗaya. Tun tana amarya ta taho da reshen lallen daga Zariya, cikin gwangwani, a jirgin ƙasa. Kullum yarinyar ta taso daga makaranta sai ta tsuguna a gindinsa. In ta murza ganyen ta shinshina, sai ta ji ƙanshin hannun Inna.

Sai rani ya tsananta, famfon unguwa ya ɗauke. In an je da bokiti, mai gadin famfon ya yarfa hannu ya ce, "Wata no de!" Wato babu ruwa. Baba kan yi doguwar tafiya zuwa rafi kafin ya samo garwa biyu.

Iya Baiwa ta ajiye tsohon daro a tsakar gida. Ta ce, "Daga yau a cikin wannan za a riƙa alwala. Ruwan wankin shinkafa ma a juye a nan. Shi za mu ba lambu. Amma ban da ruwan wankin kaya. Kin ji ko?"

"Na ji, Iya."

Ji kam ta ji. To amma daron ko rabi ba ya cika. Yakuwa ta bushe, barkono ya bi ta. Lalle ma ya fara langaɓewa. Hankalin yarinyar ya tashi ƙwarai.

Maƙwabcinsu Malam Gwadabe mai wanki da guga ne. Da sabulun soda da bula yake wanke kayan ma'aikatan jirgin ƙasa. In ya gama, ya sheƙar da ruwan a kwata.

Yarinyar ta ce a ranta, "Kai! Ga ruwa ana zubarwa, lallen Inna kuwa yana jin ƙishi?"

Ba ta tambayi kowa ba. Da Iya ta kishingiɗa bayan azahar, ta sulale da bokiti, ta tari ruwan, ta juye a gindin lalle. Kwana uku tana haka, har tana murna.

Kash! A rana ta huɗu ganyen ya ƙone, yana zuba da kansa. Ƙasar gindin ta yi fari fat.

Iya Baiwa ta dangwali ƙasar ta shinshina. "Ke, zo nan. Me kika zuba masa?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Ruwan Malam Gwadabe ne, Iya. So nake ya ƙoshi. Wayyo, na kashe lallen Inna!"

Iya ba ta daka mata tsawa ba. Ita ma idonta ya ciko, don Inna 'yarta ce ta cikinta. Ta ce, "Soda yana cin datti, yana kuma cin saiwa. Ai shi ya sa na hana ki."

Sannan ta kankare ɓawon lallen da farce. Can ƙasa, kusa da gindi, ta ga ɗan kore. "Da sauran rai. Ɗauko fartanya."

Suka kwashe ƙasar da ta ɓaci, suka zuba sabuwa. Baba ya datse busassun rassan. Ya ce, "Zai so ruwa mai yawa kafin sodan ya wanke. Ina za mu samo?"

Yarinyar ta share hawaye. "Baba, ruwan alwalar masallaci fa? Ai a ƙasa yake zuba."

Baba ya kai maganar gun liman. Liman ya yarda aka sa babban daro a ƙofar masallaci. Malam Gwadabe ne ya kawo daron, don shi ma abin ya taɓa shi. Safe da yamma yarinyar na ɗebowa, wuyanta har ciwo yake, amma ba ta fasa ba.

Mako biyu shiru. Kullum ta duba, kullum ta koma ɗaki da kuka. Ran nan da safe sai Iya ta ji ihu daga bayan ɗaki.

"Iya! Baba! Ya tofo! Ya tofo!"

Ga 'yan ganye uku, ƙanana, kore shar.

Da babbar salla ta zo, ganyen da aka tsinka bai taka kara ya karya ba. Iya ta daka shi, ta ƙunsa wa yarinyar, ya isa tafin hannu ɗaya kacal. Da aka wanke, hannun yarinyar ya yi ja sosai. Ta kai shi hanci, ta daɗe ba ta sauke ba.

Yara, ruwan da aka yi amfani da shi a gida yana raya shuka, kada ku zubar da shi a banza. Amma ba kowane ruwa shuka ke sha ba. In babba ya hana ku abu, ku tambayi dalili kafin ku bi son ranku.