Amshi Daga Gida

Sunan da ke jikin fastocinsa daban ne, amma a nan Na Biyu za mu kira shi, don da shi unguwa ta san shi. A gasar mawaƙa ta talabijin ya samo sunan. Ya shiga da rigar da yayarsa ta ɗinka masa, ya yi mako goma sha biyu yana tashin kan jama'a, ranar ƙarshe kuma ƙuri'ar waya ta ba wata yarinya mota, shi aka sallame shi da firji da tafi.

Firjin ya shiga ɗakin Inna, tafin ya bi iska. Bayan shekara biyu, ga shi da mata da 'ya, yana waƙa a wuraren biki, mutane na cin abinci ba mai ɗaga kai. In ma wani ya ɗaga, tambaya ɗaya ce: "Af, ba kai ne na biyun nan ba?" Sai ya yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora.

Murya kam yana da ita. Sai dai a gidansu kowa ya san ta Yaya ta fi. Tela ce, kuma a bakin kekenta ya koyi waƙa: tana taka keke tana bayarwa, yana zaune kan bokitin da aka kife yana amsawa. Ita ta koya masa inda ake jan numfashi, ita ta cike masa fom ɗin gasar. Kullum takan ce masa, "Kai dai yi haƙuri, naka na tafe." Haƙurin ne ya ƙare masa.

Wani tsohon makaɗi ne ya ja shi gefe a wurin wani biki, ya kwatanta masa wani boka mai shagon gyaran rediyo a bayan kasuwa, ya ce in ya je kada ya yi sallama.

Da rana tsaka ya je. Gaban shagon ba wani abin tsoro, matattun rediyo ne jibge har rufi. Amma bayan labule akwai ɗaki mara taga, kuma yana sa ƙafa hayaniyar kasuwa ta yanke kamar an toshe masa kunne da auduga. An jera tsofaffin lasifikoki a bango, an farke cikinsu, an cusa wa kowace jan ƙyalle. Daga rufi busassun tsuntsaye ne rataye, an ɗaure wa kowanne baki da zare. A tsakiya ga wata baƙar tukunya da aka rufe da fata, fatar tana ɗagawa tana sauka a hankali. Bokan na zaune a gefenta da sukudireba a hannu.

"Na Biyu," in ji shi. "Ka gaji da sunan."

"Na gaji."

"Me kake so?"

"In buɗe baki ƙasa ta amsa."

Bokan ya kankare ƙasan farcensa da sukudireban. "Wannan mai sauƙi ne. Duk waƙar da kake so ta tashi, a sa muryar jininka a ciki. Amshi kawai, ko layi ɗaya ne. Ba na haya ba, na gida."

"Shi ke nan? Ba rago, ba komai?"

"Me zan yi da rago? Yana waƙa ne?"

Na Biyu ya dubi tukunyar. "To su, me zai same su?"

"Da ka shigo, don kanka ka shigo ko don su?"

Na Biyu ya ƙara matsowa. Nan ne wurin da ya kamata ya tashi, kuma har yau ya san haka. Bokan ya ɗaga gefen fatar, ya ce ya sunkuya ya rera duk abin da ya zo bakinsa. Ya rera. Bakinsa ya motsa, maƙogwaronsa ya yi aiki, amma ko kansa bai ji komai ba. Tukunyar ta shanye. Aka shafa masa wani baƙin mai a maƙoshi, mai sanyi da warin tsatsa.

"Abu ɗaya zan gaya maka kyauta," in ji bokan yana mayar da fatar. "Abin da ya shiga faifai ba ya komawa."

Ya je wa Yaya da maganar amshi, ta yi dariya har ta soke yatsa da allura. "Ni da tsufana? Kai, Allah Ya shirye ka." Amma ta yafa mayafi ta bi shi.

Mai haɗa sautin sutudiyon, wanda ake kira Mai Kunne, yana da wata ɗabi'a: ba ya taɓa kashe na'urar ɗauka muddin akwai mutum a ɗakin gilashi. Yakan ce murya mafi daɗi ita ce wadda mai ita bai san ana ɗauka ba. Haka ya yi wa Yaya. Tana gwada makirufo tana cewa ita kunya take ji, ta ɗan rera layin cikin wasa: "Ina nan, ina nan." Ya ɗaga mata babban yatsa ya ce ta fito, an gama.

Waƙar ta fita ranar Litinin. Kafin Alhamis ba motar haya, ba shagon aski, ba wayar da ba ta ciki. Kamfanin da ya ƙi ɗaga wayarsa shekara biyu ya aiko da mota har ƙofar gida. Ranar Litinin ɗin nan kuma Yaya ta tashi da dashewar murya. Aka ce mura ce. Bayan mako guda sai da hannu take kiran mutum. Likitoci suka leƙa, suka ɗauki hoto, suka ce maƙogwaronta lafiya lau. Daga nan numfashi ya fara yi mata wuya. Ya kai ta asibitin da ya fi kowanne tsada, yana tsaye a bakin gadonta da sabon agogo, ta kamo hannunsa ta nuna rediyon ma'aikaciyar jinya tana murmushi, wai ga waƙarsu. Kwana arba'in cif ta yi.

Ranar da aka kai ta makwancinta, a hanyar dawowa, muryarta na fita daga kowane shago tana cewa tana nan. Ya ce wa kansa ajali ne. Ya yi ta faɗa wa kansa haka har ya kusa yarda.

Ya sayi gida mai bene, ya kwaso Inna da ƙaninsa Auta. Ya fitar da waƙa uku da 'yan amshin haya, duk ukun suka faɗi warwas. Kamfani ya fara magana da sanyin murya. Wani mai sharhi a rediyo ya ce da ma sa'a ce, na biyu dai na biyu ne.

To, a nan ba wanda zai wanke shi. Na Yaya yana iya cewa bai sani ba. Na Auta ya sani.

Yaron da kansa ya kawo kansa, ɗan shekara ashirin da biyu, mai son a san shi. "Babba, sau ɗaya dai ka sa ni. Wallahi ba zan ba ka kunya ba."

"Bari, Auta. Harkar nan ba ta da kyau."

"Ba ta da kyau ka sayi bene? Haba Babba, ko tsoro kake kar in ƙwace maka masoya?"

Na Biyu ya dube shi, ƙato da shi, lafiyayye. Ya ce a ransa Yaya da ma tana da hawan jini. Ya ce layi ɗaya ne, rabin layi ma. Da hannunsa ya gyara masa tsayin makirufo.

Waƙar ta ba shi lambar yabo. Auta kuma bai mutu ba, kuma da ya mutu da ya fi sauƙin kallo. Muryar ta fara tafiya, hankalin ya bi ta. Yakan wuni zaune a ƙasa ya manna kunne da rediyo. In aka zo wurin amshinsa sai ya buɗe baki daidai da shi, jijiyoyin wuya su miƙe, hawaye na zuba, ba abin da ke fita. Inna ta daina shiga falo in Na Biyu na ciki. Ba ta ce masa komai ba, kallo kawai, kuma kallon ya hana shi jin daɗin abinci.

Ya koma bayan kasuwa, ya zube a gaban tukunyar.

"Ka mayar masa. Ka karɓi gidan, ka karɓi tawa muryar."

"Taka tana ciki tun tuni, aro kake yi," in ji bokan. "Tasa kuma ba a hannuna take ba. Tana cikin wayar duk wanda ya saurara. Je ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka karɓo."

"To na daina."

"Daina mana. Wa ya riƙe ka?" Ya shafa fatar tukunyar. "Ita dai ta saba."

Ya daina ɗin kuwa, da gaske. Ya kafa doka: ba wani ɗan gidansu da zai sake taka sutudiyo. 'Yarsa, wadda ake kira Kanari saboda bakinta ba ya hutawa, ta kai shekara shida, kuma muryar Yaya ce sak a bakinta. In ta fara waƙa a gida sai ya daka mata tsawa, ta yi tsuru tana mamakin laifinta. Ya rubuta waƙa ta ƙarshe, ta neman gafara, ba amshi ko ɗaya. Ya ce ko ta faɗi, ta faɗi.

Ranar ɗaukar waƙar, Auta ya buga kansa a taga ya fasa gilashin, matar Na Biyu da Inna suka tafi da shi asibiti. Ba mai ɗauko Kanari daga makaranta sai shi. Ya zo da ita, ya zaunar da ita kan kujerar waje, ya ba ta biskit, ya ce ko motsi kada ta yi. Ana cikin aiki kamfani ya kira, ya fita baranda yana gardama da su minti goma. Da ya dawo tana nan inda ya bar ta, tana kaɗa ƙafa. Mai Kunne yana ta murmushi shi kaɗai, Na Biyu bai tambaye shi dalili ba.

Bayan mako uku, da hantsi, yana cikin cunkoson motoci, mai gabatarwa a rediyo ya ce ga sabuwar waƙar da ake jira. Kafin kiɗa ya shigo sai ga wata 'yar siririyar murya, tana dariya tana rerawa: "Ina nan, ina nan."

Bai san lokacin da ya kira Mai Kunne ba.

"Oga, ka ji? Kyauta ce na yi maka! Ran nan da ka fita ta leƙa ɗakin gilashi, ta ce bari ta yi irin na gwaggonta. Ka san ni ba na kashewa. Kamfani suka ce a ɓoye maka, ita ce ma ran waƙar."

"Cire ta! Ka cire ta yanzu!"

"A cire? Oga, tun safe ta zaga duniya."

Ya bar motar a tsakiyar titi da ƙofa buɗe. Yana gudu, muryar na fitowa daga motar da ke gaba, da ta bayanta, da wayar mai sayar da ruwa.

Kanari na tsakar gida da kayan makaranta, an dawo da ita wai ba ta jin daɗi. Da ta gan shi ta taho a guje ta rungume ƙafarsa, ta ɗaga kai ta buɗe baki za ta ce Baba. Ta sake gwadawa. Ta taɓa wuyanta, ta dube shi, irin kallon da yaro ke yi wa wanda ya san zai gyara masa komai.

Inna na tsaye a ƙofar ɗakinta. "Ta farko na ce ƙaddara," in ji ta. "Na biyu na zarge ka, na yi shiru don ni na haife ka. Wannan shirun shi ne nawa laifin. Yanzu ga uwar 'yar nan, faɗa mata da bakinka."

Ya faɗa, tun daga labulen shagon har makirufon da ya gyara wa Auta. Matarsa ba ta yi kuka ba. Ta ɓamɓare hannun 'yarta daga ƙafarsa, yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Kanari ƙarama ce, kwana tara kawai ta yi ta cika. Ba a bar shi ya gan ta ba. Shagon bayan kasuwa kuwa ya tarar wani mai sayar da bokitai ne a ciki, ya ce shi bai taɓa jin an gyara rediyo a wurin ba.

Waƙar ta fi duk waƙoƙinsa tashi, har yau ana sa ta. Shi kuma yana nan yana yawo ba takalmi, shago shago, mota mota. Duk wanda ya ji yana sauraron ta sai ya durƙusa ya kama masa ƙafa. Muryarsa ita kaɗai aka bar masa, garau, don ya ji daɗin roƙo: "Don Allah goge ta. 'Yata ce a ciki." Wasu su kore shi, wasu su ɗauke shi hoto. Yara kuma su bi shi suna yi masa amshi.

Saboda haka kai mai jin an bar ka a baya, mai ganin na biyu zagi ne, ka ji tsoron Allah ka riƙe abin da aka ba ka. Duk wanda ya ce zai ɗaga ka a kwana uku bai kuma nemi komai daga aljihunka ba, ya riga ya ƙirga mutanen gidanku. Kuma ba da maƙiyinka zai fara ba, da wadda ta koya maka jan numfashi zai fara.