Dutsen da Ba a Ba Shi Lamba Ba

Da magariba abin ya fara, a daidai lokacin da Mai Awo ya dawo gida rai a ɓace, kamar yadda ya saba dawowa tun wata biyu da suka wuce. Shi ne mai zanen da hukumar gari ta ɗora wa aikin farfaɗo da tsohuwar unguwar da ke kan tudu, kuma mutane ne suka laƙaba masa sunan saboda tef ɗin awo da ba ya rabuwa da ƙugunsa ko a wurin zaman makoki. Ya jefar da takardu a kan tebur, ya tsaya a tsakar gida yana maimaita wa matarsa ƙorafin da ta riga ta haddace. Benci goma sha biyu ya sa aka kafa a dandalin sama, ba wanda ya zauna a kai sai awaki. Ga fitilu, ga tukwanen furanni, ga ƙarfen dafawa tun daga gindin tudu har ƙololuwa. Tsohuwar matakalar da ta yi shekaru aru-aru a karkace, ya sa an tayar da ita an daidaita, kowane taki tsayinsa ɗaya da na ɗan'uwansa. Duk da haka shagunan sama sai ƙara rufewa suke yi.

"To me suke so?" ya ce. "In goya su in kai su?"

Mahaifiyarsa, wadda 'yan gidan ke kira Kaka, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi. A da kullum da safe takan hau tudu wurin ƙawarta mai ɗinki, amma tun da aka gama matakalar ba ta sake hawa ba. Ɗanta ya ce tsufa ne, ya sayo mata man zafi.

A nan ne dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Ƙarami ne, ya gangara ya tsaya a gaban takalmin Mai Awo. Na biyu ya biyo baya, sannan na uku, ba gaggawa, tsakanin kowanne da na bayansa kamar tsakanin taku da taku. Mai Awo ya fita da sanda ya zaga gidan, bai ga kowa ba. Matarsa, wadda tsoro ya daskarar da ita a bakin madafa, ta ƙirga su ba tare da ta yi niyya ba. Arba'in da ɗaya suka sauka, sai shiru.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Rana na faɗuwa, kaji na shiga akurki, sai jifan ya fara, kuma adadin bai taɓa canzawa ba. Mai Awo ya kai ƙara, ya zargi masu shagunan da suka ƙi aikinsa, ya sa aka ƙara fitila a bayan gida. Duwatsun ba su san yana yi ba. Wata rana ya ɗauki ɗaya ya duba, ya ga ɗigon jan fenti a jikinsa, irin wanda leburorinsa suka yi amfani da shi suka rubuta wa duwatsun matakalar lamba kafin a tayar da su, don kowanne ya koma gurbinsa. Ya cusa shi a aljihu bai gaya wa kowa ba.

A rana ta biyar Auta ta daina zama.

'Yarsu ce ta ƙarshe, shekararta goma sha shida, yarinya mai surutu da ba ta iya wanke kwano ba tare da waƙa ba. Da jifan ya fara a wannan yammacin, sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta nufi matakalar benen gidan ta soma hawa. In ta kai sama ta sauko, in ta sauko ta sake hawa, bayanta a sunkuye, tana haki irin na wanda ya haura tamanin. Bayan jifan ya tsaya ta tsaya ita ma, amma a tsaye. Aka kawo kujera ta ƙi, aka shimfiɗa tabarma ta ƙi. Da uwarta ta danna kafaɗunta da ƙarfi, gwiwoyin suka ƙi lanƙwasuwa kamar an zuba musu siminti. A tsaye take cin ɗan abin da take ci, a tsaye take gyangyaɗi, goshinta jingine da bango.

Mai Awo ya kai ta asibiti a tsaye a bayan motar ɗaukar kaya. Likita ya ɗauki hoton ƙafafun, ya gwada jini, ya ce bai ga komai ba, amma in ta ci gaba a haka jijiyoyin ba za su ɗauka ba. Zuwa kwana na tara ƙafafun sun kumbura har fatar tana sheƙi, takalmi ya daina shiga. Uwar ta gaji da lallashin mijinta.

"Baban Auta, ko ka kira Malam, ko ni in je da ƙafata. 'Yata ba matakala ba ce da za ka tsaya kana aunawa."

Malam ya zo da la'asar sakaliya. Tsoho ne siriri mai ƙarancin magana, wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Bai tambayi komai ba. Ya yi alwala a famfon tsakar gida, ya ɗan jima yana kallon faffaɗan dutsen da ya taka a gindin famfon, sannan ya zauna a gaban yarinyar ya fara karatu a hankali. Rana ta yi ja, inuwa ta cinye tsakar gidan. Dutse na farko ya faɗo. Malam bai ɗaga kai ba, ya ƙara ɗaga murya. A wajen na ashirin jikin Auta ya ɗauki rawa, a na arba'in da ɗaya ta ja wani dogon numfashi, bakinta ya buɗe, muryar da ta fito kuwa ta wani dattijo ce da gajiya ta gama cinyewa.

"Ya isa haka, Malam. Kana ƙona ni, alhali ni aka zalunta."

"Wane ne kai, kuma me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. Ubanta ne ba ya ji sai ta nan." Idanun suka juya suka tsaya a kan Mai Awo. "Kai mai tef. Taro nawa ka kira kafin ka fara aikin nan?"

"Uku," in ji Mai Awo.

"Uku. A ofis, da rana tsaka, a hawa na biyu. Wace tsohuwa ce ta zo? Ka nuna musu hotuna, suka tafa maka, ka ce jama'a sun yarda."

Malam ya tsawatar wa aljanin da ke magana, ya ce ya bar zagaye-zagaye ya faɗi abin da ya kawo shi. Sai muryar ta faɗa, tana tsayawa tana haki. A jikin bangon tsohuwar matakala, a taki na arba'in da ɗaya, akwai wani dutse da ya ɗan fito waje, tsakiyarsa ta loɓa saboda zama. A nan numfashin mai hawa yake ƙarewa, a nan mai kaya yake saukewa, a nan tsofaffi ke hutawa su yi gulma kafin su ƙarasa sama. Shi aljanin a gefen dutsen yake zaune tun kafin a haifi kakan kakan Mai Awo, bai taɓa taɓa kowa ba, hirar mutane kawai yake sauraro. Ran nan sai ga mai tef ya zo ya auna, ya ce dutsen ya ci faɗin hanya, ya rubuta masa cikas.

"Duk duwatsun ka ba su lamba, nawa ne kaɗai ka hana, don ba ka da niyyar mayar da shi. Ka kawo shi gidanka ka kife shi a gindin famfo, ana wanke ƙafa a kansa. Wata biyu ina tsaye. To ita ma ta tsaya."

Uwar Auta ta fashe da kuka. Mai Awo ya dubi dutsen, kunya da haushi suka kama shi, amma halinsa bai bar shi ba.

"Ai na kafa benci goma sha biyu a sama."

"A sama!" Dariyar da ta fito daga bakin yarinyar ba daɗin ji. "Wanda ya iya kaiwa sama me zai yi da bencinka?"

Daga nan aka shiga ciniki. Aljanin ya ce sai an rushe sabuwar matakalar baki ɗaya an mayar da ta da. Malam ya ce aljanin ba shi da ikon gindaya wannan sharaɗi, kuma zaluncin da aka yi masa bai halatta masa azabtar da yarinya ba. Aljanin ya sauko ya ce to a cire ƙarfen dafawa, Malam ya ce ƙarfen na amfanar makafi, ya ci gaba da karatu har muryar ta yi kururuwa ta ce ta janye. Abu ɗaya ya rage, a mayar da dutsen gurbinsa kafin faɗuwar ranar gobe.

"Wannan haƙƙi ne, za a mayar," in ji Malam. "Yanzu fita."

"In fita in zauna a ina? Ku kai ni da ita. Dutsen na taɓa gurbinsa zan sauka, na yi alkawari da wanda ya halicce ni da ku. Amma gurbinsa fa, ba kusa da shi ba."

Mai Awo ya ɗauka abin mai sauƙi ne. Tun da sassafe ya baje takardunsa, sai ya tarar dutsen ba ya cikin tsohon zane, tunda bai ba shi lamba ba, ba ya kuma cikin sabo. Ya ruga matakalar, ya tarar bangon a shafe sumul da siminti, aikin da shi da kansa ya tsaya a kai har aka gama. Ya ce to a ƙirga arba'in da ɗaya, sai babban magini ya tuna masa cewa tsofaffin takun dogaye ne da gajeru, shi ya mayar da ɗari da casa'in suka zama ɗari biyu da goma sha biyu, tsohon lissafi ya bi ruwa. Ya tambayi leburori, wannan ya nuna nan, wancan ya nuna can, tsakaninsu ya fi taki goma. Har azahar ta wuce yana hawa yana sauka da tef a hannu, yana zagin kansa a fili, ba abin da ya auno.

Ya dawo gida ya tarar da Auta jingine da bango, leɓɓanta sun bushe, ƙafafun sun fara tsagewa. Sai ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa.

"Inna, kin san wurin?"

"Da ido ban sani ba, ka shafe shi," in ji Kaka. "Sau biyu na ce maka kada ka taɓa dutsen nan, ka ce mini ba a tsara gari da ciwon gwiwa." Ta miƙa hannu. "Ba ni sandata."

Haka suka fita da la'asar. Kaka a gaba, mutum huɗu a bayanta ɗauke da dutsen a kan katako, Mai Awo na riƙe da kusurwa ɗaya, sai Auta tsakanin uwarta da Malam tana jan ƙafa. Masu gidajen gefen matakala suka leƙo ta taga. Kaka ba ta ƙirga komai ba, ba ta dubi bango ba. Hawa kawai take yi, sanda na gaba tana biye, numfashinta na ƙara nauyi. Katakon ya ci kafaɗar Mai Awo, gumi ya rufe masa ido, kuma a karo na farko tun da ya fara aikin ya ji tsawon matakalar a ƙirjinsa. Rana ta kusa taɓa rufin gidajen ƙasa sa'ad da tsohuwar ta tsaya cak. Hannunta ya kai baya da kansa yana laluben wurin zama a jikin bangon da ba komai.

"Nan," ta ce, da ƙyar.

Magini ya sa guduma. Bugu na uku simintin ya fashe, sai ga ramin a buɗe, baƙi, daidai girman dutsen. Suka tura shi ya shige, loɓaɓɓen gefen a sama. Kaka ta zauna ta saki ajiyar zuciya. Auta ta yi atishawa sau ɗaya, gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta sulale kusa da kakarta ta kifa kai a kafaɗarta.

"Baba, ƙafafuna," ta ce da muryarta ta da, sai kuka.

Mai Awo ya tsaya a gabansu yana haki. Hannunsa ya kai ƙugu wurin tef, ya fasa. A can ƙarshen dutsen ya ga sauran wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ya juya zai ɗan ɗosana, sai Kaka ta tare shi da sanda.

"Nan da mai shi," ta ce. "Kai ka ɗan tsaya tukuna."