Ranar da Ganga Ta Yage a Gonar Iya Tabawa

Can a wani zamani, a wani ƙauyen manoma, an yi wani saurayi ɗan makaɗin noma. Kafin mahaifinsa ya bar shi ya taɓa ganga, sai da ya koya masa kiɗa da baki: "Gan-gan kidin, gan kidin." Duk inda baki ya ce "gan", nan hannu ke sauka. Da tsohon ya rasu, saurayin ya gaji gangar, amma bai ƙara furta kalmomin nan ba, don da ya fara sai hawaye.

Wata rana aka yi gayya a gonar Iya Tabawa, tsohuwar da ba ta da kowa, ga ciyawa ta kusa cinye mata gero. Ana tsakiyar noma sai fatar ganga ta yage. Aiki ya tsaya, wasu har sun saɓa fartanya za su tafi.

Jatau sarkin samari ya ce, "To maigida, sai ka buga mana cikinka!"

Aka kwashe da dariya. Iya ta dubi geronta.

Saurayin ya hau kan suri, hawaye na zuba, ya ɗaga murya: "Gan-gan kidin, gan kidin!" Fartanya ɗaya ta sauka a kan "gan", sai biyu, sai duka. Da muryarsa ta dushe, Jatau ya karɓa, samari suka amsa, har suka kai ƙarshen gona.

Iya ta kawo ƙwaryar kunu, samari suka miƙo hannu.

Ta ce, "Ku dakata, 'ya'yan nan. Wanda ya fi ku noma shi zai fara sha."