Hulda Mai Narka Kwalba

Buhun Hulda ya yage a titin bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, fasassun kwalabe suka watse, tayar babur ɗin Wilfred ta bi ta kansu ta sace.

Ya sauko a fusace. Amma da ya ga budurwar ta durƙusa tana tsince gilashi da hannu, ko kallonsa ba ta yi ba, sai faɗan ya maƙale masa.

"'Yar'uwa, za ki yanke fa."

"Na saba. Ɗaga ƙafarka, ka taka mini shuɗin. Shi ne mai wuyar samu."

Ya tura babur ɗinsa, ya raka ta har gida.

Tun tana firamare take tara ɓaraguzan kwalba a gwangwani saboda son launinsu. Da ta gama sakandare ta tafi Bida, ta ga yadda ake narka gilashi, ta dawo ta gina tanderun laka a bayan gidansu. Takan daka kwalba a turmi, ta zuba garin a ƙananan mazubai, ta gasa har ya zama duwatsun wuya da 'yan kunne. Sai dai tanderun yakan tsage, iska ta shiga, duwatsun su farfashe. Shekara da shekaru, rabin aikinta a bola yake ƙarewa.

Wilfred malamin firamare ne, shi ke koyar da mawaƙan cocinsu. Kafin damina ta wuce ya zama mai hura mata wuta.

"Tauraruwata, yau ma ƙaurin hayaƙi nake yi a aji, yara suna ta dariya. Ban damu ba," ya rubuta mata.

Ta amsa: "Duka sun fashe, Wil. Kar ka kira ni yanzu, haushi nake ji."

Mama Asabe, mahaifiyarsa, shugabar Zumuntar Mata ce, kuma tuni ta zaɓa masa Yemima, wata nas a Samaru Kataf. Yemima ce ta kawo mata labarin an ga Hulda tana fitowa daga mashaya tana dariya da mai wurin.

"Yarinya mai yawon gidan giya? Ba a gidana ba!" in ji Mama.

"Kwalba take karɓa, Mama," in ji Wilfred.

"Kowa da abin da yake cewa ya je karɓa."

Surutu ya yi yawa a coci har Wilfred ya gaji. Ya samu Hulda tana daka, ya ce ta bar sana'ar nan, zai nema mata koyarwa.

Ta ajiye taɓarya, ta nuna masa tabon ƙuna a hannuwanta.

"Kafin in san ka nake wannan. Kai ma bola kake gani?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Tafi wajen nas ɗinka."

Ta daina ɗaukar wayarsa. Ya yi ta kira har ya haƙura, sannan ya tura mata saƙo: "Na yi kuskure. Kar ki ƙara zuwa mashaya. Daga yau ni zan je."

Ranar Asabar duk unguwa ta ga malamin mawaƙa yana bin mashaya ɗaya bayan ɗaya, buhun kwalaben giya a bayan babur suna ƙara. Dattawan coci suka kira shi, suka dakatar da shi daga waƙa. Asabar ta zagayo, ya sake fita. Da ya sauke buhun a ƙofar gidansu, Hulda ta fito ta karɓa, ta ce ya shigo ya hura mata wuta.

Mama Asabe ta ɗaura zane ta nufi gidan su Hulda da niyyar yi mata tas. Ta tarar da ita ta buɗe tanderu, tana fito da duwatsu fasassu tana jifa da su, hawaye na bin tokar fuskarta.

Mama ta dubi tanderun. Ta matsa, ta ƙwanƙwasa bangonsa.

"Wane ne ya gina miki wannan shirme? Da wannan ƙasa? Uwata tukwane take ginawa a Fadan Kaje. Ƙasar suri ake sawa, ita ke jure wuta."

"Ban sani ba, Mama."

"Ina za ki sani, kina ta kuka? Ɗauko fartanya."

Tare suka sake ginin, Mama tana ta mita. Gashin farko bai fito duka ba, amma yawancin duwatsun sun fito lafiya, kore da ruwan zuma. Mama ta ɗaga ɗaya ta duba a rana, ta jefa a jakarta.

Da yamma ta ce wa ɗanta, "Yarinyar nan taurin kai gare ta kamar ni. Ka gaya wa kawunka ya shirya zuwa gaisuwa wajen iyayenta."

An ɗaura auren bayan Kirsimeti. Da aka zo sa zobe ya ƙi shiga, domin amarya ta ƙone a yatsa wajen gasa sarƙoƙin ƙawayenta. Wilfred ya yi ta fama, gumi na keto masa, coci ta ɗauki dariya.

Fasto ya ce, "Sa mata a ɗan ƙaramin, ɗana. Ubangiji ya san wanda ake nufi."

Zobe ya shiga. Mama Asabe ta miƙe ta rangaɗa guɗa, ta kama hannuwansu biyu.

"Ubangiji ya ba ku salama da 'ya'ya, ya sa albarka a aikin hannunku."

Jama'a suka amsa da amin.