Dutsen Niƙa a Bayan Tirela

A shekarar da aka tare gulbi a Bakolori, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a wani ƙauye kusa da Maradun. Ƙauyen nasu a kwari yake. Da aka gama madatsar, sai ruwa ya fara tasowa. Ya ci fadama. Ya ci gonakin gero. Kowace safiya yara sukan je su ga inda ya kawo.

Dole kowa ya tashi. Gidan su yarinyar Talata Mafara za su koma. Babanta ya riga ya yi gaba a ƙafa da shanu da awaki. Saura ita, da Innarta, da ƙanenta jariri, da Gwaggo Turai, tsohuwar yayar babanta.

Ran Asabar da hantsi Bappa Barau ya zo ɗaukarsu. Ƙanen babanta ne, malamin gona a Bakura. Yana da ƙaramar mota shuɗiya. A bayanta ya ɗauro 'yar tirela mai taya biyu, kamar amalanke, amma ta ƙarfe.

Ya durƙusa gaban Gwaggo.

"An tashi lafiya, Yaya? Ina gajiya? Yaya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, Barau. Yaya ka baro mutanen Bakura? Yaya hanya?"

"Duk suna gaishe ku. Sai haƙuri, Yaya."

"Haƙuri ya zama dole," in ji Gwaggo, tana share ido da gefen mayafi.

Aka fara lodi. Bappa bai yarda kowa ya ɗora komai da kansa ba. Buhunan dawa ya jera daidai saman tayoyi, ya ɗan matsar da su gaba. Buhun irin gero ya bi sama. Tabarmi da ƙore da randar Gwaggo su ya sa a baya.

"Bappa, don me ba za a zuba su haka nan ba?" in ji yarinyar.

"Zo ki gani, ɗiyata. Masu nauyi a tsakiya suke zama, su ɗan rinjaya gaba. Marasa nauyi su ne a baya. In bayan tirela ya fi gabanta nauyi, wutsiya za ta riƙa kaɗawa, har ta kada mota."

Ya ja igiya ya ɗaure tamau. Ya duba ƙugiyar da ta haɗa tirela da mota. Ya zura ƙusarta, ya maƙala sarƙa. Ya zagaya ya danna tayoyi da ƙafa.

Gwaggo ta nuna gindin tsamiya. "Barau, dutsen niƙana fa?"

Bappa ya dubi dutsen. Babba ne, baƙi, tsakiyarsa ta lotsa don shekaru.

"Yaya, motar ƙarama ce. Abin da za ta iya ja ke nan. Dutsen sai wani zuwan."

"Wane zuwan? Kafin ka dawo ruwa ya haye shi. A kansa uwarmu ta niƙa abin da ta ciyar da mu."

"Ki yi haƙuri. Rayukanku na ɗauko, ba zan ƙara ko tsinke ba."

Gwaggo ta nufi gindin tsamiya. Ta zauna kusa da dutsen tana shafa shi. Yarinyar ta ga hawaye na bin kumatunta. Zuciyarta ta karye.

Bappa da Inna da Gwaggo suka tafi gidan maigari yin bankwana. Aka bar yarinyar tana tsaron kaya.

Sai ta ruga ta kira ƙawayenta, Kyauta da Batulu.

"Ku zo ku taya ni. Dutsen Gwaggo za mu ɗora."

"Ba Bappanki ya hana ba?" in ji Batulu.

"Dutse ɗaya ne kawai. Ba zai ma sani ba. In mun isa, Gwaggo za ta yi murna."

Suka samo wani katako suka jingina a bayan tirela. Suka mirgino dutsen da ƙyar, suna nishi. Sau biyu yana zamowa. A na uku ya hau. Wuri ɗaya ne ya rage, can ƙarshen baya, kusa da randa. Nan suka tura shi. Yarinyar ta rufe shi da tabarma.

Da manya suka dawo, rana ta yi sama. Bappa ya ce, "To, bismillah. Kowa ya shiga."

Gwaggo ta zauna gaba. Ba ta ko dubi gindin tsamiya ba, don kada ta sake kuka. Inna ta shiga baya da jariri a cinya, yarinyar na gefenta. Maƙwabta suna ta ɗaga hannu. Mota ta tashi.

A turbar ƙauye Bappa a hankali yake tafiya. Ba abin da ya faru. Yarinyar ta ce a ranta, "Ashe ma ba komai."

Da suka hau babbar hanya, mota ta ƙara gudu kaɗan. Yarinyar ta waiwaya ta gilashin baya. Ta ga tirelar ta ɗan karkata hagu, ta dawo dama.

Bappa ya dubi madubi ya ɓata fuska.

"Ikon Allah. Bayan motar nan kamar ana ɗaga shi. Akwai wanda ya taɓa kayan nan bayan tafiyata?"

"Wa zai taɓa?" in ji Inna. "Ai ga mai tsaro nan."

Bappa ya dubi yarinyar ta madubi. "Ɗiyata, wani ya zo?"

Yarinyar ta so ta faɗi gaskiya. Ta tuna yadda Bappa ya ce ko tsinke ba zai ƙara ba. Ta sunkuyar da kai.

"A'a, Bappa."

"To. Nan hanyar ta matse. Bari mu sauka gangaren can, in tsaya in duba."

Gangaren dogo ne. A ƙasansa akwai kwalbati, da rami mai zurfi hagu da dama. Suna fara sauka sai ga wata ƙatuwar tifa daga wajen madatsa. Ta wuce su fuu! Iskarta ta bugi tirelar.

Tirela ta yi hagu. Ta yi dama. Ta sake yin hagu, ta fi na farko. Sai motar ma ta fara binta, kamar an kama wutsiyar akuya ana jijjigawa.

"Innalillahi!" in ji Gwaggo.

Jariri ya tsala ihu. Inna ta rungume shi ta duƙa a kansa. Kan yarinyar ya bugi ƙofa.

"Barau, taka birki!" Inna ta yi ƙara.

"In na taka da ƙarfi za ta kifar da mu! Kowa ya riƙe!"

Bappa ya ɗauke ƙafarsa daga totur. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya miƙe shi sak. Bai juya hagu ba, bai juya dama ba. Gumi na zuba daga goshinsa.

Yarinyar ta ga kwalbati na matsowa. Ta ga ramin. Ta ji sarƙa na ƙara a baya, ƙarar-ƙarar. Ta rufe ido, ta ƙanƙame zanen Innarta.

Mota ta fara rage gudu. Kaɗawar ta ɗan lafa. Bappa ya taɓa birki a hankali, ya saki, ya sake taɓawa. Sai tayar tirela ɗaya ta zame gefen hanya. Aka ji igiya ta tsinke, tas! Wani abu ya faɗi tim. Wani ya fashe.

Mota ta tsaya. Tsakaninta da kwalbati bai fi taku goma ba.

Kukan jariri kawai ake ji.

"Kowa lafiya?" in ji Bappa.

"Lafiya," in ji Inna. "Alhamdulillahi."

Suka fito. Buhun irin gero ya faɗo ya yage, iri ya watse a ƙasa. Randar Gwaggo ta tarwatse. Inna ta riƙe baki.

"Irin da maigida ya adana don sabuwar gona!"

Bappa ya durƙusa ya duba ƙugiya. Lafiyarta lau. Ya duba sarƙa, ya duba tayoyi. Ya dafe kai.

"Ni na yi lodin nan da hannuna. To ina na yi kuskure? Yau da na hallaka iyalin ɗan'uwana."

Yarinyar ta dube shi. Ta kasa jurewa. Ta fashe da kuka.

"Bappa, ba kai ba ne. Ni ce."

Ta je ta yaye tabarma. Ga dutsen niƙa zaune a ƙarshen tirela.

Gwaggo ta dafe ƙirji. Inna ta ce, "Ke! Ashe ke ce? Kuma aka tambaye ki kika ce a'a?"

"Na ga Gwaggo na kuka ne," in ji yarinyar cikin shessheƙa. "Na ce dutse ɗaya ne kawai."

Bappa ya daɗe yana kallon dutsen. Sannan ya kwance tirelar daga mota, ya ce, "Zo nan. Sa hannu ki ɗaga gabanta."

Ta sa hannu ɗaya. Gaban tirelar ya tashi sama kamar ba komai a ciki.

"Kin gani? Da safe ni kaina sai da na yi nishi kafin in ɗaga shi. Dutsen nan ya danne baya, gaba ya tashi. Shi ya sa ta riƙa jan mota yadda ta ga dama."

"Ka yafe mini, Bappa."

"Tausayin Gwaggonki abu ne mai kyau. Amma kin yi kuskure biyu. Kin ɗora abin da aka hana, a ɓoye. Sannan na tambaye ki kin ɓoye mini. Na biyun ya fi muni. Da kin faɗa, da nan take na rage gudu, na tsaya ko a tsakiyar hanya ne."

Ya ƙara da cewa, "Ni ma da nawa. Na bar kaya na tafi, na dawo ban sake dubawa ba. Direba ba ya tashi sai ya zagaya motarsa."

"Har da ni," in ji Gwaggo. "Ina ta kuka a kan dutse, na manta da masu rai."

Inna ta miƙa wa yarinyar ƙwarya. "Kuka ya isa. Durƙusa ki tsince irin babanki."

Rana ta take. Ƙasa ta yi zafi. Yarinyar ta durƙusa tana kwasar gero da tafin hannu, tana ware tsakuwa. Gwiwoyinta suka yi raɗaɗi. Gumi ya shiga idonta. Ba ta ɗago ba. Can sai Gwaggo ta zo ta zauna kusa da ita da faifai, tana sheƙe abin da ta tara. Duk da haka, wajen kwano uku ya bi ƙasa, ba a same shi ba.

Wani dattijo mai gona a bakin hanya ya ji ƙarar, ya zo da 'ya'yansa biyu. Sunansa Malam Yari. Bayan an gaisa, an yi barka, suka taya Bappa turo tirela kan hanya.

"Malam, wata alfarma nake roƙo," in ji Bappa. "Ko za ka ajiye mana dutsen nan zuwa gobe?"

"Wannan ai ba komai ba ne. Gidana a tudu yake. Ko shekara zai yi, yana nan."

Gwaggo ta yi murmushi, karo na farko a ranar.

Bappa ya sake lodi tun daga farko. Ya ɗinke buhu, ya ƙulla igiya. Ya sa yarinyar ta sake gwada gaban tirela. Wannan karon ko motsi bai yi ba. Ya haɗa ƙugiya, ya zura ƙusa, ya maƙala sarƙa. Ya zagaya sau biyu. Suka kama hanya a hankali, tirela na biye da su sak.

Bayan la'asar suka shiga Talata Mafara. Baba na tsaye a ƙofar sabon gida, ya ƙosa da jira.

"Lafiya kuka daɗe haka?"

Bappa ya buɗe baki zai yi magana. Yarinyar ta riga shi. Ta durƙusa gaban babanta, ta faɗi komai da bakinta. Ba ta rage ko ɗaya ba, har da irin da ya salwanta.

Baba ya saurara har ta gama. Ya dubi Inna, ya dubi jariri da ke barci a bayanta. Ya yi ajiyar zuciya.

"Irin da ya rage zai ishe mu shuka," in ji shi. "Ku ne ba ni da madadinku. Me kika koya yau?"

"In babba ya hana abu, akwai dalili, ko ban gane shi ba. In ina son taimako, in tambaya tukuna. In kuma na yi kuskure, in faɗa da wuri, kafin ya cuci wani."

"To, riƙe wannan da kyau," in ji Baba. Ya kama hannunta ya tashe ta. "Zo ki ga ɗakinku. Ta tagarsa ana hango sabuwar makarantarku."